Yawan jama'ar Kamaru: abin da ƙidaya ta nuna, saurin ƙaruwa da kason jihohin arewa

Duk wanda ya san unguwar Domayo ta birnin Marwa shekaru 30 da suka wuce, idan ya dawo yau ya tsaya a bakin babban titinta bayan sallar magariba, ba sai an karanta masa rahoto ba zai gane cewa mutane sun ƙaru. Babura sun cika hanya, ɗalibai da 'yan ci-rani sun cika gidajen haya, filayen bayan gari da ake nomawa a da kuma an yanka su an gina. Haka abin yake a Garwa, inda gari ya tashi daga tsofaffin unguwanni irin su Fulɓere da Hausare ya miƙa har Jambutu da hanyar Pitowa. Ido yana ganin cunkoso, amma ba ya iya faɗin mutum nawa ne, ko da wane sauri suke ƙaruwa. Wannan aikin ƙidaya ne, ita kuwa ƙidaya ba kasafai ake yin ta a Kamaru ba.

Ƙidaya uku cikin shekaru 29

Lokacin da Kamaru ta samu 'yancin kai a 1960, an ƙiyasta jama'arta da miliyan 5 da 'yan kai. Alƙaluman zamanin Turawa galibi na masu karɓar haraji ne: mai gari ya faɗi yawan magidantansa, makiyayi ya faɗi yawan shanunsa, kowa kuma ya san amfanin ragewa. Ƙidaya ta zamani, wadda ma'aikata ke bi gida-gida da takarda, sai a watan Afrilun 1976 aka fara yin ta, a zamanin shugaba Ahmadu Ahijo. Ta ba da mutum 7,663,246. Ta biyu, a watan Afrilun 1987, ta ba da 10,493,655. Ta uku an yi ta a watan Nuwamban 2005, aka samu 17,463,836.

Waɗannan lambobi ba su ne ainihin abin da masu ƙidaya suka dawo da shi daga ƙauyuka ba. A 1976 kimanin mutum miliyan 7.1 aka rubuta, a 1987 kuma kimanin miliyan 9.3, sannan masana suka yi gyara domin cike gurbin waɗanda ba a kai gare su ba. Yin hakan ba maguɗi ba ne, ko'ina a duniya ana yi. Sai dai yana nuna cewa lambar da ta ƙare da 246 ko 655 ba ta kai yadda take nunawa a ido daidaito ba.

Ƙidayar 2005 ta bar baya da ƙura saboda jinkiri. Hukumar BUCREP, wadda aka kafa a 1999 domin wannan aiki, ba ta fitar da sakamako ba sai a watan Afrilun 2010, fiye da shekaru huɗu bayan an gama shiga gidaje. Yaron da aka rubuta yana goye a bayan uwarsa ya kusa shiga makaranta kafin ƙasa ta ji adadinta. Tare da sakamakon, hukumar ta ba da hasashen cewa a ranar 1 ga Janairun 2010 jama'ar ƙasar sun kai 19,406,100.

Majalisar Ɗinkin Duniya tana ba ƙasashe shawarar yin ƙidaya duk bayan shekaru 10. A watan Satumban 2015 shugaba Paul Biya ya sa hannu kan dokar da ta ba da umarnin ƙidaya ta huɗu, amma shekaru 10 suka shuɗe bayan dokar ba a shiga gida-gida ba. An yi ta ɗage aikin saboda ƙarancin kuɗi da matsalar tsaro, ga Boko Haram a Arewa Mai Nisa, ga rikicin jihohin masu magana da Ingilishi da ya ɓarke a ƙarshen 2016. Daga baya aka haɗa shi da ƙidayar noma da dabbobi domin rage kashe kuɗi. Saboda haka, har zuwa ranar da za a buga sakamakon sabuwar ƙidaya, duk wata lamba da aka ji game da yawan 'yan Kamaru hasashe ce da aka ɗora a kan ta 2005. Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa ƙasar a kan kimanin miliyan 29 a 2024, kuma yana ganin za ta kai wajen miliyan 50 a 2050.

Tsakanin 1976 da 1987 jama'a sun riƙa ƙaruwa da kashi 2.9 cikin 100 a kowace shekara, tsakanin 1987 da 2005 kuma da kashi 2.8. Lambar ƙarama ce a kunne. Amma al'ummar da ke ƙaruwa da kashi 2.8 a shekara tana ninka kanta cikin shekaru 25, wato kafin jaririn da aka raɗa wa suna yau ya aurar da ƙanwarsa. A yanzu saurin ya ɗan ragu zuwa wajen kashi 2.6, duk da haka ƙasar tana samun ƙarin mutum fiye da 700,000 a kowace shekara. Idan aka auna da Garwa ta 2005, kamar a ce duk shekara ana ƙara wa Kamaru birane uku irinta.

Kason arewa

A lokacin ƙidayar farko, arewacin Kamaru gaba ɗaya lardi ɗaya ne mai hedikwata a Garwa, mahaifar Ahijo. A watan Agustan 1983 aka raba shi uku: Adamawa mai hedikwata a Ngaundere, Arewa mai hedikwata a Garwa, da Arewa Mai Nisa mai hedikwata a Marwa. A 2008 aka sauya wa lardunan ƙasar 10 suna suka koma jihohi.

A 1976 lardin arewa yana da mutum 2,233,257, kashi 29 cikin 100 na ƙasar. A 1987 yankunan uku sun haɗa 3,183,045, kashi 30 da ɗoriya. A 2005 sun kai 5,684,040, wato kashi 32.5. Ke nan kusan mutum ɗaya cikin kowane uku a Kamaru a arewa yake zaune, kuma kason yana hawa a hankali daga ƙidaya zuwa ƙidaya. Wannan lissafi bai haɗa da 'yan arewa da ke zaune a Yawunde da Duwala da gonakin rake na Mbanjok ba, domin ƙidaya tana rubuta mutum ne a inda yake zaune.

Arewa Mai Nisa ce ta zo ta ɗaya a 2005 da mutum 3,111,792, ta ɗan ɗara jihar Tsakiya, inda babban birnin ƙasa yake, mai 3,098,044. Jihar Arewa tana da 1,687,959, Adamawa kuma 884,289. Jihar da ta fi kowacce ƙarancin jama'a ita ce ta Kudu, mai 634,655.

Faɗin ƙasa shi ke bayyana sauran labarin. Arewa Mai Nisa ita ce ƙarama a cikin ukun, murabba'in kilomita 34,263 kacal, don haka a 2005 kowane murabba'in kilomita yana ɗauke da mutum kusan 91. Jihar Arewa ta kusa ninka ta a faɗi, 66,090, amma mutum 25 zuwa 26 ne a murabba'in kilomita. Adamawa, ƙasar tudu da kiwon shanu, ba ta kai 14 ba. Matsakaicin ƙasa baki ɗaya 37.5 ne. A cikin Arewa Mai Nisa ɗin ma cunkoson ba ɗaya ba ne. A duwatsun Mandara, wajen Mokolo da Koza, Mafa da maƙwabtansu sun daɗe suna noma a kan matakalan dutse da suka gina da hannu, mutum fiye da 100 a murabba'in kilomita, wasu wuraren ma sun ninka haka. Ƙasar Tupuri da ta Masa, tsakanin Kaele da Yagwa, ita ma a cike take.

Yadda jihar Arewa ta cika

Babu jihar da labarinta ya kai na Arewa ban mamaki. Yankin da a yau ake kira jihar Arewa yana da mutum 479,158 a 1976. Bayan shekaru 11 ya kai 832,165, a 2005 kuma 1,687,959. Ya ninka fiye da sau uku da rabi cikin shekaru 29. Ƙaruwar ta kai kashi 5 cikin 100 a shekara a zangon farko, kusan kashi 4 a na biyu. Haihuwa kaɗai ba ta iya yin wannan. Ƙaura ce.

Gwamnati ce ta buɗe ƙofar da kanta. A farkon shekarun 1970, lokacin da fari ya addabi yankin Sahel, aka ƙaddamar da shirin raya arewa maso gabashin Binuwai. Manufarsa a kwaso manoma daga duwatsu da filayen Arewa Mai Nisa da suka cika, a zaunar da su a kwarin Binuwai inda ƙasa ke da yawa mutane kuma ƙalilan. An yi hanyoyi, an haƙa rijiyoyi, aka kwaso iyalai a manyan motoci. A 1974 aka kafa kamfanin auduga na Sodecoton mai hedikwata a Garwa, wanda ke ba manomi iri da taki bashi ya kuma sayi audugar, kuma shi ya jagoranci buɗe yankin kudu maso gabashin Binuwai har zuwa Tuboro. Tsakanin 1977 da 1982 'yan ƙasar Sin suka gina madatsar ruwa ta Lagdo, kimanin kilomita 50 daga Garwa. Tafkin da ya taru ya jawo masunta daga Logon da Tafkin Chadi da Najeriya, Musgum da Kotoko da Hausawa da wasunsu, bayansu kuma fatake masu sayen busasshen kifi suka biyo.

Bayan shirye-shiryen gwamnati sun ƙare, ƙaurar ba ta tsaya ba. Wanda ya riga ya samu gona sai ya aika wa ƙaninsa, ƙanin ya zo da matarsa, bayan shekaru kaɗan a ga sabon ƙauye mai sunan tsohon garinsu. Tupuri, Mafa, Giziga, Mundang da Gidar sun kafa ƙauyuka masu yawa a hanyar Ngong da Lagdo da Tuboro.

Ƙasar da ake cewa ba kowa a cikinta kuwa tana da masu ita. Akwai lamidai, irin su na Ray Buba da Garwa da Bibemi, waɗanda ke da iko a kan rabon filaye bisa al'ada. Akwai Mbororo masu burtali da wuraren kiwo. Sannan fiye da kashi 40 cikin 100 na faɗin jihar an keɓe shi ga gandun dajin Binuwai da na Faro da na Buba Njidda da yankunan farauta da ke kewaye da su. Idan aka cire wannan, lambar nan ta mutum 25 a murabba'in kilomita ta zama yaudara. A filin da ya rage ne manomi baƙo da manomi ɗan gida da makiyayi suke gogayya, kuma yawancin ƙararrakin gona da ke zuwa gaban lawanai da hakiman gwamnati daga nan suke tasowa.

Haihuwa da mutuwa

Binciken lafiya da yawan jama'a da Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa mace a Kamaru tana haifar 'ya'ya 4.8 a matsakaici a tsawon rayuwarta. A 1991 lambar 5.8 ce, don haka akwai raguwa, ko da yake a hankali. Bambancin da ke tsakanin yankuna shi ne abin lura. A birane 3.8 ne, a karkara 6.0. A Duwala 2.8, a jihar Arewa 6.2, mafi yawa a ƙasar, Arewa Mai Nisa kuma tana biye da ita da kusan 6.

Dalilan sanannu ne ga duk wanda ya zauna a yankin. 'Yan mata suna aure da wuri, kuma da yawansu ba sa wuce firamare. A gidan manomi yaro hannu ne a gona, kuma shi ne fansho a ranar tsufa. Inda ake yawan rasa yara, iyaye ba sa tsayawa a kan biyu ko uku. A gidan da ke da kishiyoyi, yawan 'ya'ya yana da nasaba da matsayi da gado. A ƙasar baki ɗaya, kashi 15 cikin 100 ne kawai na matan aure ke amfani da hanyoyin zamani na ba da tazarar haihuwa a 2018, arewa kuma tana ƙasa da haka.

Sau da yawa ana mantawa da ɗaya ɓangaren lissafin. Jama'a suna ƙaruwa ne saboda mutuwa ta ragu fiye da yadda haihuwa ta ragu. A binciken 2004, yara 144 cikin kowane 1,000 suna rasuwa kafin su cika shekara biyar. A 2011 lambar ta sauko zuwa 122, a 2018 kuma zuwa 80. Riga-kafi da gidan sauro da ruwan gishiri da sukari sun taka rawa. Tun 2016 ake raba wa ƙananan yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro a lokacin damina a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa. A 2015 aka fara tsarin takardar lafiya ta masu juna biyu a jihohin arewa uku, inda mace ke biyan sefa 6,000 a duba ta tun daga awo har haihuwa. A watan Janairun 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta shigar da allurar riga-kafin zazzaɓin cizon sauro cikin jerin allurorin yara na yau da kullum. Duk da wannan ci gaba, jihohin arewa ne har yanzu suka fi rasa yara.

Sakamakon haka ƙasa ce ta yara. A 2005 kashi 43.6 cikin 100 na jama'a ba su kai shekara 15 ba, rabin 'yan ƙasar kuma ba su kai 18 ba. Ko da a ce daga gobe kowace mace za ta tsaya a kan 'ya'ya biyu, jama'a za su ci gaba da ƙaruwa na shekaru masu yawa, domin iyayen gobe an riga an haife su, suna cikin azuzuwan firamare da makarantun allo.

Birane

A 1976 kimanin kashi 28 cikin 100 na 'yan Kamaru ne ke zaune a birane. A 2005 sun kai kashi 48.8, yanzu kuma sun haura rabi. Duwala da Yawunde sun yi wa saura nisa, da mutum 1,907,479 da 1,817,524 a 2005. Babu wani gari na uku da ya kai 300,000 a lokacin.

Garwa tana da kimanin mutum 64,000 a 1976, kimanin 142,000 a 1987, sannan 235,996 a 2005. Marwa ta ɗan fi ta a ƙidayar farko, da kimanin 67,000, amma Garwa ta wuce ta saboda matsayinta na hedikwatar arewa da masana'antu da filin jirgin sama. A 2005 Marwa tana da 201,371, Ngaundere kuma, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, tana da 152,698. A 2007 aka raba Garwa da Marwa kowacce zuwa gundumomi uku, Domayo ta zama mazaunin gundumar Marwa ta ɗaya. Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008 ta kawo dubban ɗalibai da malamai, rikicin kan iyaka kuma ya koro iyalai da yawa zuwa cikin gari. Garwa ta samu tata jami'ar a 2022. Duk waɗannan sun faru ne bayan ƙidayar 2005, don haka lambobin garuruwan nan sun tsufa fiye da na ƙasa baki ɗaya.

Wutar lantarki ta isa misali. An gina tashar Lagdo da ƙarfin megawat 72 a lokacin da arewa gaba ɗaya ba ta kai mutum miliyan 3 ba. Shekaru da dama ita ce babbar madogarar jihohi uku da jama'arsu ta ninka fiye da sau biyu, ga yashi yana cika tafkin, ga shekarun ƙarancin ruwa. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gider sun rage raɗaɗin, amma mai walda da mai injin niƙa da mai sayar da ƙanƙara sun san ba a gama da matsalar ba.

Hausawa nawa ne a Kamaru?

Sakamakon ƙidaya da aka buga bai raba jama'a ƙabila-ƙabila ba, don haka duk lambar da aka gani game da yawan Hausawan Kamaru ƙiyasi ne. Abin da ƙidayar 2005 ta bayar shi ne addini: Katolika kashi 38.4 cikin 100, Furotesta kashi 26.3, Musulmi kashi 20.9. Akwai masu ganin kason Musulmi ya fi haka, kuma wannan na cikin abubuwan da za a zuba wa ido a sabuwar ƙidaya.

Ko da an yi tambayar ƙabila, amsar ba za ta zo da sauƙi ba. Hausawa sun shigo yankin ne ta hanyar fatauci da malanta, musamman bayan da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19. Sun bi hanyoyin goro da hauren giwa, daga baya na roba, har suka kai kurmin kudu. A arewa, inda Fulatanci ne harshen kasuwa, akwai gidaje da yawa da asalinsu Kano ko Katsina ne amma jikoki Fulatanci suka fi ji. A kudu kuwa abin ya juya: duk Musulmin da ya fito daga arewa, Bafulatani ne ko Babarbare ko Kotoko, sau da yawa "Hausa" ake ce masa. A unguwar Briketeri ta Yawunde da New-Bell ta Duwala da tsohon garin Bamenda, Hausa ta zama harshen da ke haɗa mutanen da asalinsu ya bambanta, har da 'yan Nijar da 'yan Najeriya da aka haifi iyayensu a can.

Ƙidaya tana lissafa duk wanda ke zaune a ƙasa, ɗan ƙasa da baƙo, kuma dokar ƙididdiga ta tanadi sirrin bayanan da mutum ya bayar. Amma tsoron haraji da na binciken takardu tsoho ne, musamman a ƙasar da dokar 1968 ba ta amince babba ya riƙe shaidar ƙasa biyu ba. Ga kuma al'ada: wasu iyaye ba sa son ƙirga 'ya'yansu a gaban baƙo, uwa takan yi kunyar ambaton ɗan fari, gidan kulle ba ya buɗuwa ga ma'aikaci namiji, almajiri da ɗan ci-rani da makiyayi kuma ba su da adireshi ɗaya. Unguwar da ta ɓoye rabin mutanenta ita ke cutuwa ranar da za a raba azuzuwa da famfuna.

Masu gudun hijira da maƙwabta

Iyakokin arewa ba su taɓa hana mutane zirga-zirga ba. A ƙuri'ar raba-gardama ta 11 ga Fabrairun 1961, arewacin Kamarun da Ingila ke riƙe da shi ya zaɓi Najeriya, shi ya sa Mubi da Gwoza da Ganye suke can a yau, dangi kuma suna hayi biyu. Yaƙin Chadi ya tura dubban mutane zuwa Kuseri a farkon shekarun 1980, aka sake ganin haka a Fabrairun 2008. A watan Yulin 2013 aka buɗe sansanin Minawawo kusa da Mokolo domin 'yan Najeriya da Boko Haram ta koro, yau yana ɗauke da mutum fiye da 70,000, ya fi garuruwa da yawa na jihar girma. Dubban ɗaruruwan 'yan Kamaru sun bar ƙauyukansu a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logon-da-Shari. A 2021 rikici kan ruwa da filaye tsakanin Larabawa Shuwa makiyaya da Musgum masunta da manoma, wanda ya faro a yankin Logon-Birni, ya sa dubun-dubatar mutane tsallakawa zuwa Chadi. A ɗaya gefen, 'yan Afirka ta Tsakiya fiye da 200,000 suna zaune a jihohin Gabas da Adamawa da Arewa.

Kusa da Najeriya, Kamaru ƙarama ce. Ƙidayar Najeriya ta 2006 ta ba da 140,431,790, ana kuma ƙiyasta ta da fiye da miliyan 220 yanzu. Jihar Kano kaɗai, mai 9,401,288 a lokacin, ta fi rabin Kamaru ta 2005. Jihar Adamawa ta Najeriya, mai 3,178,950, kusan kai ɗaya take da Arewa Mai Nisa. Ita ma Najeriya ta ɗage ƙidayar da ta shirya yi a 2023. Nijar ta samu 17,138,707 a ƙidayar 2012, kusan daidai da Kamaru ta 2005, amma da yake tana ƙaruwa da fiye da kashi 3 cikin 100 a shekara, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa. Ta fuskar yawan haihuwa, Garwa da Marwa sun fi kama da Maraɗi da Katsina fiye da yadda suka yi kama da Duwala.

Abin da ke rataye da alƙaluma

Majalisar dokokin Kamaru tana da kujeru 180. Arewa Mai Nisa tana da 29, Arewa 12, Adamawa 10, jimla 51, wato kashi 28 cikin 100 na kujeru ga yankin da ke da kashi 32.5 na jama'a. Giɓin ya fi fitowa a jihar Arewa. Da mutum 1,687,959 tana da kujeru 12, yayin da jihar Kudu mai 634,655 take da 11. Ɗan majalisa ɗaya a jihar Arewa yana wakiltar mutum kimanin 140,000, takwaransa na Kudu kuma ƙasa da 60,000. Rabon kujerun bai bi ƙaurar da ta cika kwarin Binuwai ba, kuma duk sabuwar ƙidaya za ta sake tayar da wannan magana.

Talauci ma a nan ya fi nauyi. Binciken rayuwar iyalai na 2014 ya nuna kashi 37.5 cikin 100 na 'yan ƙasar suna cikin talauci, amma a Arewa Mai Nisa kashi 74.3 ne, a jihar Arewa kashi 67.9. Yankin da ya fi haihuwa shi ne ya fi ƙarancin malamai da likitoci idan aka auna da yawan jama'a. Gonar da uba ya noma shi kaɗai, 'ya'ya shida za su raba ta, shi ya sa filayen dawar rani ta muskuwari da na albasa a kewayen Marwa suke ƙara daraja, samari kuma suke gangarawa kudu ko su hau babur.

Tsakanin ƙidaya da ƙidaya, rajistar haihuwa ce ya kamata ta riƙa nuna yawan yaran da ke zuwa duniya. Binciken 2018 ya nuna kashi 62 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista, jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa kuma suna cikin na baya. Matsalar takan ɓoye har sai yaro ya kai ajin ƙarshe na firamare, inda ake neman takardar haihuwa kafin a rubuta sunansa a jarrabawar CEP. Idan wa'adin yin rajista kyauta a magajin gari ya wuce, sai uba ya nemi hukuncin kotu, da shaidu da takardar likita mai ƙiyasta shekarun yaro da kuɗin mota zuwa gari. A 2013 aka kafa hukumar BUNEC domin gyara harkar rajistar, kuma lokaci-lokaci ana zaman kotun tafi-da-gidanka a ƙauyuka inda ake yi wa ɗaruruwan yara takardu a rana ɗaya. Wanda bai samu ba yakan bar makaranta a nan, kuma idan ya girma sai ya sake fuskantar wannan takarda kafin ya samu katin ɗan ƙasa, wanda da shi ake yin katin zaɓe.